Tawada na narkewa idan na shafa kalar ruwa, a taimaka don Allah

Salam 'yan uwa masu zane. Ni dai ina rubuta 'yan waƙoƙi ne in yi musu zane a gefe, ba don sayarwa ba, kawai shi ke kwantar min da hankali idan kaina ya ɗau zafi. To yanzu abin nema yake ya koma ɓacin rai wallahi.

Ina farawa da fensir HB, in bi layin da baƙin alƙalamin maka mai siririn baki, in rubuta baitocin a ƙasa sannan in shafa kalar ruwa (fentin zane da ake haɗawa da ruwa), to da burushi ya taɓa layin sai tawadar ta narke ta bi ruwan har cikin rubutun, shuɗin sama ya koma toka-toka, takardar kuma ta kumbura ta yi tudu da kwari. Takardar firinta ce mai 80gsm (gsm ma'aunin nauyin takarda ne), wannan kam an ce in nemi mai kauri 300gsm. Amma ita tawadar fa? Ko ta kwana ta bushe haka take yi.

Shin fentin zan fara sawa in ja layi daga baya, ko akwai alƙalamin da ruwa ba ya narkar da tawadarsa? Kuma baitocin yaushe kuke rubutawa? Don in na bar su sai ƙarshe hannuna ya goce, shikenan aikin ya tashi a banza.