Kirsimeti a Kagoro: yaya ake shirya wa tafiyar?

Mai tambaya: Salama, 'yan'uwa. Abokin aikina ya gayyace ni garinsu, Kagoro, a kudancin jihar Kaduna, in yi Kirsimeti da su har zuwa bikin Afan. Daga Kano zan taso da maiɗakina da yara biyu, kuma mu Musulmi ne. Kiɗan nake so in gani, in ɗauka a waya. Wace hanya zan bi, a ina za mu kwana, me zan riƙe?

Amsa ta 1: Malam, ka bi ta Zariya, Pambeguwa, Saminaka, Samarun Kataf, sannan Kagoro. Ka fito bayan asuba don ka isa da hasken rana, ban da tafiyar dare a hanyar nan. Masauki kuwa, ka nema a Kafanchan, kusa ne, kuma ta fi Kagoro otal-otal da masallatai. Amma ka kama ɗaki tun farkon Disamba, ka biya kafin alkalami, domin 'yan garin da ke Abuja, Jos da Kaduna duk a makon suke dawowa.

Amsa ta 2: Kada ka haɗa biyun, ɗan'uwa. Kirsimeti na majami'a ne da gidaje: waƙoƙi daren 24, sujada safiyar 25, sai ziyara. A nan za ka ji Zumuntar Mata, ƙungiyar matan majami'a, sanye da zane iri ɗaya, suna waƙa da Hausa ana buga tulu da kacau-kacau. Mai tulun tana dukan bakinsa da faffaɗan abin bugu mai laushi, sai ya ba da wani gum-gum mai zurfi da ke riƙe waƙar duka. Afan kuma ran 1 ga Janairu ne, bikin gargajiya na ƙarshen girbi da buɗe farauta; a harshen Agworok, wato mutanen Kagoro, kalmar tana nufin dutse. Ranar ce ta maharba, masu ƙaho, 'yan rawa ƙungiya-ƙungiya da masu badujala. In kwana bakwai ya yi maka yawa, zaɓi ɗaya. A ganina mai neman kiɗa Afan ya kamata ya zaɓa.

Amsa ta 3: Batun ɗaukar sauti. Kuskuren da kowa ke yi shi ne tsayawa gaban lasifika. Makirfon waya ƙarami ne, in ƙara ta fi ƙarfinsa sai sautin ya fashe, kuma ba ya gyaruwa daga baya. Ka ja baya kamar taku 15, ka tsaya ta gefe, ɓangaren da ba janareto. Iskar hunturu ma tana ɓata ɗauka, sai ka ji fuu-fuu kawai. Ɗan soso ko safa a bakin makirfon, a ɗaure da roba, ya wadatar. Ka sa wayar a yanayin jirgi don kira kada ya katse maka, ka riƙe fawa banki cike. Cikin majami'a kuwa, sai ka nemi izinin dattawa.

Amsa ta 4: Yaya, a gaya wa maiɗakin ta haɗa wa yara rigunan sanyi, hula, safa da man shafawa na leɓe. Garin a gindin dutse yake, sanyin asuba ba wasa. Kada a kai su kusa da lasifika, kuma a kula da nokawut da yara ke fasawa da yamma. Ka rubuta lambarka a takarda ka sa wa kowane a aljihu, cunkoson filin Afan yana raba uwa da ɗa. Abinci kuma, ka faɗa wa mai masaukinka tun yanzu. Gidaje da yawa sukan kira Musulmi ya yanka musu dabbar biki saboda baƙi irinku. Naman bakin hanya dai a tambaya kafin a saya.

Amsa ta 5: Riƙe tsabar kuɗi, 'yan ₦200 da ₦500. Bankuna a rufe suke 25 da 26, masu POS kuma kuɗi kan yanke musu. In kiɗa ya yi maka daɗi, miƙa wa makaɗin a hannu ko ka sa a kwano. Liƙi da watsa naira laifi ne a dokar Babban Banki ta 2007.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Afan ɗin za mu je, mu sauka Kafanchan ran 30. Soson wane iri, na wanke-wanke zai yi?

Amsa ta 3: Zai yi, sabo busasshe. Yanka shi siriri, in ya yi kauri yana danne muryar mawaƙa.