Gwajin CRISPR na zazzaɓin Lassa: zai iya maye gurbin PCR a asibitin ƙaramar hukuma?

Ma'aikacin Lab: Assalamu alaikum. Idan ana zargin Lassa, sai an kai jini babban ɗakin gwaji a yi PCR, wato gwajin da ke gano ƙwayar halittar bairos, a jira kwanaki, alhali maganin ribavirin ya fi amfani a kwana shida na farko. Ana ta maganar sabon gwajin CRISPR, wato fasahar gano wani sashe na ƙwayar halitta da yanka shi, mai fitar da sakamako a kan tsinken takarda. Yaya yake aiki, kuma ƙaramin lab zai iya riƙe shi?

Mai Binciken Bairos: Wa'alaikumus salam, Malam. Wanda ake nufi shi ne SHERLOCK, da cibiyar Broad ta Amurka ta fito da shi a 2017, kuma an gwada shi kan Lassa tare da cibiyar binciken cututtuka ta ACEGID da ke Ede a jihar Osun. Da farko ana zuba wa samfurin sinadaran TCEP da EDTA a ɗumama shi, don a kashe bairos ɗin, a kuma dakatar da sinadaran jini masu lalata RNA, wato ƙwayar halittar bairos ɗin. Sai a yawaita RNA ɗin ta hanyar RPA, wadda zafi ɗaya take buƙata, digiri 37 zuwa 42, ba hawa da sauka irin na injin PCR ba. Daga nan furotin Cas13 ya nemi sashen RNA ɗin Lassa da aka saita masa. Da ya same shi sai ya shiga yanka wasu 'yan guntayen RNA masu alama da aka zuba, yankan nan ne ke fito da layi a tsinke. Duka bai kai awa biyu ba.

Inda matsalar take: bairos ɗin Lassa ba iri ɗaya ba ne. Na Saliyo da Gini zuriya ta IV ne, a Najeriya kuwa ta II ta fi yawa a kudu, ta III a arewa ta tsakiya. Gwajin da aka saita wa wata zuriya yana iya tsallake wata, ya ce babu alhali akwai. Kafin a karɓi kowane kit na gwaji, a tambayi zuriyar da aka tantance shi a kanta.

Hajiya Mai Kula da Inganci: Ni abin da ya fi damuna shi ne gurɓata. RPA na samar da kwafi biliyoyi, kuma dole a buɗe kwalbar kafin a tsoma tsinke. Ɗan feshin da ido ba ya gani ya ishi ɓata teburi da fifet (bututun ɗibar samfur), gobe duk samfurin da aka taɓa ya nuna akwai cuta. Don haka a raba wurin haɗa sinadarai da wurin buɗe kwalba, a riƙa goge teburi da bilic, kuma kowane zagaye a sa kwalbar ruwa zalla. Idan ita ma ta fito da layi, a zubar da sakamakon gaba ɗaya.

Kada ɗumamawar nan ta sa a saki jiki, Malam. Kafin a kai gare ta jinin yana da haɗari, sai da safar hannu biyu, riga da kariyar fuska.

Injiniyan Na'urorin Asibiti: Sai batun ajiya. Sinadaran da ke cikin ruwa firiza suke so, digiri 20 ƙasa da sifili. A nemi waɗanda aka busar, su ma a kiyaye su daga laima, jakar da aka buɗe a gama da ita nan take. Firji mai sola ya zama dole a inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40.

Mai Binciken Bairos: Haka ne. A yanzu dai, Malam, ko tsinke ya nuna babu, matuƙar alamu na nan a bar majinyaci a killace, a tura jini PCR ta hannun jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma.