Neman shawara: motata Hilux tana zama a hanyar gona, wane ɗagi zan yi mata da kuɗi kaɗan?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Hilux ƙirar 2011, mai shan fetur, injin 2.7, mai giyar ogzilari. Gwanjonta na saya a hannun wani kamfani shekara uku da suka wuce. A cikin gari ba ni da kuka da ita, matsalar hanyar gona ce. Gonata tana can bayan Kujama, idan ka sauka daga kwalta sai ka yi kamar kilomita tara a burji da laka. Tarakta da tifofin yashi sun haƙe gefe biyu na hanyar, tsakiya ya tashi kamar kunyar dawa. A watan Agustan bara sau biyu cikin motar yana ɗarewa kan wannan tudun, taya na juyawa a banza, ga buhu 14 na taki a baya. Na biyun sai da muka sauke takin kaf a cikin ruwan sama, samarin ƙauye suka tura, na sallame su.

Bana ba na son a maimaita. Na zagaya kasuwar kayan gyara, an nuna mini hanya uku. Wani ya ce in sa sifesa a gaba, wato faifan da ake sawa a saman shokozoba, da bulo a baya, wato guntun ƙarfen da ake sawa tsakanin aksil da sifirin, su ɗaga motar inci uku, a wuni ɗaya an gama, kuma kuɗin ba yawa. Wani ya nuna mini hoton cikakken saiti irin su Old Man Emu da Ironman, da ya faɗi farashi sai na ce masa Allah ya ba da kasuwa. Wani mai walda kuma ya ce in kawo ya buga mini sifirin ɗin baya ya ƙara falle ɗaya. Abin da na ware naira dubu 450 ne, kuma ba na son in taɓa kuɗin taki. Don Allah waɗanda suka san harkar ku ba ni shawara.

Wani matashi daga Barnawa:

Wa alaikumus salam. Oga ka sa inci ukun nan kawai. Na sa wa tawa, wallahi duk inda na faka sai an juyo an kalla. Wata takwas ke nan ba abin da ya same ta.

Mai sayar da hatsi a Kawo:

Ƙanina na Barnawa, a wata takwas ɗin nan buhu nawa ka taɓa ɗora mata? Daga Barnawa zuwa Murtala Square ai ba gwaji ba ne.

Wani dattijo:

Ba sai ka sayi komai ba. Akwai wani dogon ƙarfe a ƙarƙashi mai noti a ƙarshensa, a ɗaure notin gaban motar zai tashi. Haka muke yi wa tamu a ma'aikata.

Bakanike a Panteka:

Baba, Allah ya ƙara girma, waccan tsohuwar ƙira ce, ta kafin 2005, mai sandar toshan a gaba. Ta mai tambaya ba ta da shi. Daga 2005 zuwa 2015 gaban Hilux sifirin mai murɗi ne da shokozoba a cikinsa, baya kuma sifirin mai falle-falle a kan aksil.

Alhaji mai tambaya, kafin ka fitar da ko sisi, ka fara gano wane wuri ne ke taɓa ƙasa. Ka shiga ƙarƙashinta da tocila ka nemi inda ƙarfe ya goge ya yi fari ko laka ta daskare. Dalilina shi ne, duk ɗagin da za a yi maka, na dubu hamsin ne ko na miliyan uku, bodi da shasi yake ɗagawa. Tulun aksil na baya, wato kumburin nan da ke tsakiyar aksil, yana nan inda yake, don a kan taya yake zaune, ba a kan sifirin ba. Idan tulun nan ne ke noman tudun tsakiyar hanya, ko inci shida ka ɗaga za ka sake kafewa a wuri guda, sai dai ka kafe kana sama. Abin da ke ɗaga tulu taya ce kawai, ita ma rabin abin da ta ƙaru da shi. In kuwa tsakiyar motar ne ke zama, wajen giya da tankin mai, ko ƙarfen jan mota na baya ne ke karta, to nan ɗagi yana da amfani.

Na biyu, motar da ta yi aikin kamfani sannan ta yi damina uku tana dakon taki, ina kyautata zaton ba ɗagi take nema ba, tsayinta na asali take nema a mayar mata. Ka faka ta a siminti babu kaya, ka sa tef daga tsakiyar cibiyar taya zuwa bakin fenda, duka huɗun, ka rubuta. Ka nemi irinta wadda ba ta sha wahala ba ka auna, ka gwada. Sannan ka leƙa sifirin ɗin baya. Mai lafiya yana da lanƙwasa kamar baka. Idan ya miƙe sumul ko ya fara juyawa ƙasa, ya mutu. Ka duba robar nan da ke manne a shasi saman aksil, in ka ga inda take dukan ƙarfe ya yi sheƙi, kullum motar a kanta take tafiya idan da kaya.

Yanzu batun sifesa. Ba haramun ba ce, ina sa wa mutane. Amma ku gane abin da take yi: ba ta ƙara wa sifirin ƙarfi, ba ta ƙara wa shokozoba tsawo, tura ƙafar motar ƙasa kawai take yi. Kuma saboda yadda hannun ƙafar gaba yake, sifesa mai kaurin inci ɗaya tana ɗaga gaba kusan inci biyu. Da yawa ba su san haka ba, sai su sayi mai kauri, mota ta tashi fiye da abin da suka nufa. Da zarar gaba ya wuce inci biyu, dirabin shaf, sandar da ke juya tayar gaba, zai riƙa aiki a karkace, robarsa ta yage, giris ya fita, laka ta shiga, ka fara jin ƙas-ƙas a kwana. Boljoyin na sama yana ƙurewa, mai alaimen ya yi ta fama sitiyari ya ƙi zama, taya ta cinye gefe ɗaya. Masu yin inci uku da gaske sai sun canza hannun sama, sun sauke tulun gaba, kuma wannan kuɗin ya ninka abin da ka ware. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan.

Bulo a baya kuwa, ga mai ɗaukar kaya, ban yarda da shi ba sam. Ka ɗora bulo mai tsawo a ƙarƙashin mataccen sifirin, ka ɗora buhu 14, ka taka mai a laka, aksil zai riƙa murɗa sifirin ɗin har wata rana falle ya karye ko yu-bol, ƙarfen da ke ɗaure sifirin da aksil, ya saki.

Manomin citta daga Kachia:

Abin da Malam bakanike ya faɗa ni a jikina na gani. Shekara biyu da suka wuce wani mai shago ya sayar mini da bulo da sifesa a kwali mai kyalli, har da tambarin wani kamfanin waje, ashe jabu ne. Ranar da aka ɗaura na yi ta murna. Sati na uku na ɗauko busasshiyar citta, na yi lodi har sama da kan motar, na zo wata kwana mai gangara, ba gudu nake ba, sai na ji motar ta kwanta gefe kamar kwale-kwale. Yarona da ke gefe salati kawai yake. Allah ya tsare ba mu kife ba, amma da muka tsaya na duba, bulon gefe ɗaya ya tsage, aksil ya goce baya, taya tana gugar fenda. A nan muka kwana, sauro ya yi biki. Washegari aka kawo wanda ya cire mini su, na bar su a bakin hanyar. Mota in ta yi tsawo nauyinta ya koma sama, ka ƙara lodi mai tudu, ka haɗa biyu ke nan.

Wata Hajiya mai gonar kaji a Rigachikun:

Ni ban san sunayen ƙarafan nan ba, amma tawa da aka sa mata sifirin mai ƙarfi, in babu kaya sai ta riƙa tsalle kamar akuya. Kiret ɗin ƙwai nawa na yi asara kafin in gane. Alhaji, in iyali na shiga motar, ka tambaya tukuna.

Bakanike a Panteka:

Hajiya ta kawo magana mai kyau. Sifirin gwargwadon nauyin da kake ɗauka kullum ake zaɓensa, ba gwargwadon ranar da ka fi yin lodi ba. Su kansu manyan kamfanonin Ostareliya irin Old Man Emu da Dobinsons haka suke rarraba nasu, akwai na mota marar kaya, akwai na mai kaya a kai a kai. Wanda ya sa na masu nauyi alhali rabin shekara motar wayam take yawo, bayansa zai gaya masa.

Direban wata ƙungiya mai aikin karkara:

Ni dai taya zan yi magana a kai, don shekarata 16 ina shiga ƙauyukan Kauru da Kubau da Lere da damina. Yawancin irin motarka da 205R16 suke zuwa, tsayinta wajen santimita 73. In ka koma 245/75R16 ta kai 77, wato tulun baya ya tashi da santimita biyu. Kamar ba yawa, amma sau da yawa tsakanin wucewa da kwana a daji bai fi haka ba. Sai dai ka duba faɗin rim ɗinka, wannan tayar tana son rim mai faɗin inci shida da rabi zuwa sama. Akwai 235/85R16, siririya doguwa, ta kai 80, tana ratsa laka da kyau, amma injin 2.7 zai ji ta a hawa da kaya, mai zai ƙaru, kuma tana iya gugar ciki in ka karya sitiyari duka. Ka tuna agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya: da 245 ɗin, in ya nuna 100 kana kan wajen 105.

Kuma biyar za ka saya har da safaya. Kada ka haɗa manya da ƙanana a mota mai ogzilari. In Beljiyam za ka saya, ka karanta lamba huɗun nan da ke gefen tayar, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Na ga taya mai zane kamar sabuwa, shekararta tara.

Abu na ƙarshe kyauta ne: ka daina bin ramin tarakta. Ka ɗora taya ɗaya kan tudun tsakiya, ɗaya a gefen hanya, ka sa ogzilari tun kafin ka shiga caɓin, ba bayan ka kafe ba. Ka rage iska kaɗan, ka sayi ƙaramin famfo mai aiki da batir ka mayar in ka hau kwalta. Buhu 14 kilo 700 ne, ga ku mutum huɗu ko biyar a ciki, ka kusa ƙure abin da aka yi motar ta ɗauka. Sawu biyu ya fi sauƙi a kan sauke taki a ruwa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da safe na shiga ƙarƙashinta. Tulun baya ya goge, haka ma ƙarfen da ke riƙe da giya. Na auna da ta maƙwabcina, bayan tawa ya yi ƙasa da santimita huɗu, gefen direba ya fi zama. Sifirin ɗin a miƙe yake kamar katako, falle ɗaya ma a tsage yake ban taɓa lura ba, shokozoba ɗaya duk ya jiƙe da mai. Gaba bai sauka sosai ba. To yanzu in bar mai waldan ya buga ya ƙara falle, ko in nemi wani? Kuɗin ba zai kai ga taya biyar ba.

Bakanike a Panteka:

To ka ga ni. Bugun sifirin yana tayar da shi, amma ƙarfen da ya gaji ya gaji, bayan 'yan watanni zai koma gidan jiya. In kuma aka sa masa wuta ko aka yi wa tsagaggen fallen walda, an gama da shi. Ka nemi cikakken sifirin na asali guda biyu, ko Beljiyam ne in dai da lanƙwasarsa kuma babu tsatsa mai ci. Ka ajiye su a ƙasa gefe da gefe ka ga tsayinsu ɗaya kafin ka biya. A kansu za a iya ƙara falle ɗaya saboda takin. Sai sabon yu-bol, kada a mayar da tsohon, sabbin bushin, da shokozoba biyu na baya masu suna, KYB ko makamancinsa, daga shagon da zai ba ka rasit ya karɓa in ya yi yoyo. Wannan kaɗai zai dawo maka da santimita huɗun, ƙarin fallen ya ba ka wani abu a kai. In gaba ya yi ƙasa da yawa bayan haka, sai a sa siririyar sifesa ta daidaita, a yi alaimen. Taya ka bari sai kaka in ka sayar da masara.

Ka tsaya a kan mai aikin. Kada ya ƙarasa ɗaure notin bushin mota na kan jak, sai an sauke ta ta zauna da nauyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage. Ya duba tiyon birki na baya bai ɗame ba. In motarka marar ABS ce, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, akwai wani bawul a baya mai siririn ƙarfe da ke haɗe da aksil, shi ke auna nauyin kaya ya raba ƙarfin birki. In baya ya tashi ba a saita shi ba, zai ɗauka motar ba kaya, ya rage wa birkin baya ƙarfi alhali kana ɗauke da taki. Yara da yawa a gareji ba su san aikinsa ba. Fitila ma a sake saita ta. Bayan ka yi kamar kilomita 500 ka dawo a sake ɗaure yu-bol.

Matashin Barnawa:

Malam, wannan ƙas-ƙas ɗin da ka ce ana ji a kwana, in a gefe ɗaya ne kawai fa?

Bakanike a Panteka:

Kawo ta gobe kafin azahar, kuma kada ka sa ogzilari a hanya.