Neman shawara: sikelin taswira ya ba ni ninki biyu na nisa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Taswirar duniya ce a hannuna, sikelinta 1:40,000,000, wato santimita 1 a madadin kilomita 400. Tsakanin Oslo (babban birnin Norway) da Helsinki (babban birnin Finland) ruwula ta ba ni santimita 4, kilomita 1,600 ke nan, alhali nisan bai kai 800 ba. Ina kuskuren yake?

Amsa ta 1: Wa'alaikumus salam. Lissafinka daidai ne, taswirar ce irin ta Mercator, tsarin da ya fito a 1569. Sikelin da aka rubuta a jikinta a layin ikwaita (layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu) kaɗai yake aiki. Layukan da suka taso daga kudu zuwa arewa a zahiri suna matsowa kusa da juna har su haɗu a ƙuryar duniya, shi kuwa Mercator ya miƙe su a jere, tazararsu ɗaya ko'ina. Digiri ɗaya daga gabas zuwa yamma kusan kilomita 111 ne a ikwaita, a digiri 60 arewa kuwa bai wuce 56 ba, kuma garuruwan nan biyu a can suke. Ka ninka abin da ka auna da kosain (maɓallin "cos" a kalkuleta) na digirin nisan wurin daga ikwaita. Na 60 rabi ne, sai ka samu 800. Na 45 kusan 0.71.

Amsa ta 2: Ƙari kan bayanin malam, dabarar kosain tana aiki ne idan wuraren biyu suna kan digiri ɗaya ko kusa da haka. In ɗaya na ikwaita ɗaya na can arewa, sikelin yana canzawa a tsawon layin, to ka ajiye ruwula. Nemi taswira mai siffar ƙwallo, ja zare tsakanin wuraren har ya miƙe, sannan ka kwantar da shi a kan ikwaita, ka ƙirga digirin da ya rufe ka ninka da 111. Babu taswirar takarda da ta tsira daga wannan, kamar ɓawon lemo ne, in ka shimfiɗa shi dole ya tsage ko ya miƙe. Shi ya sa a taswirar Mercator tsibirin Girinlan da ke can arewa ke kama da Afirka a girma, ga shi Afirka ta ninka ta kusan sau 14.

Amsa ta 3: A taswirar ƙaramin yanki, kamar 1:50,000, lanƙwasar duniya ba abin damuwa ba ce, santimita 2 kilomita 1 ne. Abin da ke cutar mutane a nan hoton kwafi ne: da an ƙara girman takarda ko an rage, alƙaluman sikelin sun tashi daga aiki. Bi sandar ma'aunin da aka zana a ƙasan taswirar, ita tana girma tare da takardar.