Abin da na tsinta a hirar aljihu ta jiya

Jiya bayan isha'i a majalisarmu ta Tudun Wada aka ɓarke da muhawara kan binciken masana game da kwanciyar hankalin mutum da kuɗinsa, na ce bari in taƙaita muku.

Malam, wanda ke koyarwa a jami'a, ya ce masu binciken abu biyu suka fi kallo, yadda kake fama da hidimar yau da kuma ko hankalinka a kwance yake kan gobe, shi ya sa za ka ga mai albashi mai tsoka amma kullum a birkice. Hukumar CFPB ta Amurka, mai kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna da masu ba da bashi, tambayoyi 10 ta fitar a 2015 don auna wannan. Malam ya jefo mana tambayoyi uku na masana tattalin arziki Lusardi da Mitchell kan kuɗin ruwa, hauhawar farashi da raba jari wurare daban-daban don rage haɗarin asara, wallahi ta biyun ta kayar da ni.

Shawarar da aka fi nanatawa: ranar da alat ya shigo ka cire na ajiya kafin ka shiga Kasuwar Barci. Adashi na aiki saboda kunyar uwar adashi ta fi ƙarfin son rai. Amma tunda hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a Najeriya a Disamba 2024, kuɗin ƙarƙashin katifa narkewa yake, wasu suka ce gara buhun masara ko akuya. Bashin da ake ci ta manhajar waya kuwa kowa ya ce a guje shi.

Maganar dangi ce ta fi zafi, Alhaji ya ce ka ware musu kasonsu tun farkon wata, in ya ƙare ka ce ya ƙare. Ni dai har yanzu bakina bai iya faɗin haka ga Inna ba.