Neman shawara: ina so in haɗa sandar fatsa ta ruwan teku da hannuna

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, manya da ƙanana na wannan zaure. Ni ɗan Maraɗi ne, aikin fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa ke kai ni Lome, wani zubin sai in yi sati uku ina jiran kwantena. Da la'asar nakan je fatsa a kan wata gada da ta shiga cikin teku, daga samanta zuwa ruwa zai kai mita 4. Sanduna biyu na saya a kanti. Ta farko zobbanta suka yi tsatsa, ta biyu ta karye ina cikin ɗaga kifi. Yanzu so nake in haɗa tawa a nan gida kafin in koma. Ina da muline, wato na'urar naɗe igiyar fatsa, lamba 6000, igiyata kitsattsiya ce, dalmar da nake jefawa giram 80 zuwa 120. Wace irin tsirarar sanda, wato wadda ba a sa mata zobba da mariƙi ba, zan sa a sayo mini, zobba nawa, wane zare, wane gam? Kuma raina yana so in naɗe mariƙin da fatar jar akuyarmu ta Maraɗi. Allah shi saka da alheri.

Mai gyaran kayan fatsa:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da waccan da ta karye, ita za ta gaya maka abin da za ka saya. Da wuya a ce nauyin kifi ne kaɗai ya karya ta. In mutum ya miƙar da sanda tsaye yana son ya ɗago kifi daga mita 4, nauyin yakan bar gindi mai kauri ya koma kan siririn ƙarshen, nan take ɓallewa. Ga kuma jingina ta da ake yi a kan siminti da ƙarfen gada. Sandar kabon in ta samu ƙwarzane guda, ko ido bai gani ba, a nan za ta tsage ranar da ta ɗauki nauyi.

Don haka sa a sayo maka ta faiba, wato zaren gilashi, ko wadda aka gauraya faiba da kabon. Tsawo mita 2.7, gida biyu da ake haɗawa a raba saboda tafiya, wadda aka rubuta a jikinta tana jefa giram 60 zuwa 150, tana ɗaukar igiyar kilo 10 zuwa 20. Masu mita 4 na bakin yashi ne, don a tsallake igiyar ruwa, kai kuwa gada ta riga ta tsallakar da kai. Amma kada ka sauka ƙasa da mita 2.4, domin kana bukatar tsawon da za ka nisanta igiya da ginshiƙan gada, jikinsu duk ƙwanso ne mai kaifi kamar reza.

Kuma ko wace sanda ka haɗa, nemi raga mai zagayayyen baki, faɗinta kamar santimita 80, ka ɗaura mata igiya mai kauri. Da ita ake ɗago kifi. Sanda gajiyar da shi kawai take yi.

Wani ɗan zaure:
Ni ban yarda da faiba zalla ba, yaya. Nauyi gare ta, kuma kurma ce, ƙaramin kifi zai cinye abincin ƙugiya ba ka ji ba. Gauraye ta fi.

Mai gyaran kayan fatsa:
Da igiyar roba ce da na yarda da kai. Tasa kitsattsiya ce, ba ta talewa, duk taɓin kifi zai iso hannunsa. In ya samu gauraye, madalla, in bai samu ba kada ya fasa aiki.

Mai walda na Sabon Gari:
Bari in ɗauki maganar zobba. Ruwan teku kowace lita tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, ƙarfen da aka yi wa wankan kurom ba ya kai labari a cikinsa. Tsatsar ma daga ƙarƙashin naɗin zaren da ke riƙe zobe take farawa, inda gishiri ke maƙalewa ba ka gani, sai ka ga ja yana tsattsafowa. Ka ce wa mai sautunka zobban inoks 316 kake so, wato ƙarfe mai jure tsatsa, ba inoks kawai ba, masu ƙafa biyu, masu idon tangaran a ciki. Na kamfanin Fuji sun yi suna, amma jabunsu sun fi na gaske yawa, a yi hattara. Zobe maras ido, igiya kitsattsiya tana ɗauko yashi ta yi masa kwari, daga baya kwarin ya dawo yana cin igiyar.

A mita 2.7 zobe takwas da na kan baki sun isa. Da muline 6000 da irin igiyarka, jera su daga babba: lamba 30, 20, 12, sauran duka 10. Na kan baki kada a saya da ka. Auna kaurin ƙarshen sandar da milimita, ramin bututun zoben, inda ƙarshen sandar zai shiga, ya ɗara shi kaɗan. Shi kaɗai ne za ka liƙa da gam na kyandir wanda wuta ke narkarwa, don shi ya fi yawan fashewa, in ya fashe ashana guda ta isa ka zare shi.

Wurin zamansu kuma, auna faɗin bakin ƙwaryar muline, wato inda igiya ke naɗuwa, ka ninka sau 27. In santimita 6 ne, ya zama 162. Daga bakin ƙwaryar ka auna santimita 162 zuwa sama, nan zoben 10 na farko zai zauna. Babban zobe kuma tsakanin santimita 55 da 65 daga ƙwarya. Wannan mafari ne kawai. Kama su duka da salatif, ka ɗaura wata igiya dabam a kan bakin sandar, ka rataya mata gorar ruwa, fara da rabin lita ka ƙara har lita ɗaya da rabi. Sai ka zura igiyar fatsa ta cikin zobba ka tsaya gefe ka duba. Ya kamata ta bi lanƙwasar sandar sannu. Duk inda ka ga ta yi kusurwa mai kaifi, zobba sun yi nisa da juna, matso da su.

Kafin naɗi ka goge ƙarshen ƙafar kowane zobe da magagari har ta yi gangare, zare ya hau ba tuntuɓe. Shafa yatsa a ƙarƙashin ƙafar, in ka ji ƙaya ka share ta da samfefa. Wannan 'yar ƙayar ke yanka sanda a hankali.

Baduku:
Ɗana, fatar jar akuya ba ta da na biyu a jaka da takalmi, amma kada ka kai ta mariƙi. Gishiri da yauƙin kifi za su shige ta, ta bushe ta ƙandare, ta tsattsage, ga ƙarni. Kawo ta a ɗinka maka gidan muline, ya zauna cikin kayanka nesa da ruwa.

Sai gargaɗi. Za a ce maka ka zo wurinmu ka sayi zare don ƙarfinsa. Kada ka saya. Namu an shafe shi da kakin zuma, gam ba ya kama kaki, zai zauna a sama kamar ruwa a bayan agwagwa. Na auduga yana ruɓewa, yana kuma tashin gashi. Na surfani mai sheƙi an sa masa man da ke sa shi santsi cikin keken ɗinki, wannan man shi ke hana gam kwanciya. Zaren nailan na naɗin sanda za ka haɗa cikin sautu, mai harafin D na manyan zobba, mai harafin A na ƙanana.

Kafinta, unguwar Zariya:
Babu wanda ya faɗi tsarin aikin, kuma nan sabon hannu ke faɗawa rami. Mariƙi da mazaunin muline su ake fara sakawa, zobba daga baya, domin ta sama ake zuro su. In ka riga ka naɗa babban zobe ba su da hanya.

Daga gindi zuwa ƙafar muline bar santimita 45 zuwa 50. Gwada da jikinka: kama inda muline zai zauna, gindin ya wuce gwiwar hannunka sosai amma kada ya soki hammata. Gaban muline kuma santimita 15 zuwa 20. Soso baƙi na mariƙi ya fi sauƙi. In babu, naɗa igiyar nailan ta masu saƙa koma, mai kaurin milimita 2, dab da dab a kan gam. Ba ta santsi ko hannu ya jiƙe. Tayar keke da wasu ke naɗawa rana ke cinye ta.

Mazaunin muline sayi na baƙar roba mai ƙarfi, lamba 20 ko 22, ba na alminiyam ba. Alminiyam in ya haɗu da wani ƙarfe ko kabon cikin ruwan gishiri fari yake yi, ya dinga zuba kamar toka, har murfin ya ƙi juyawa. Raminsa zai fi sandar faɗi. Mutane kan cike da salatif na takarda, ɗauri uku. Yana yi, amma in ruwa ya same shi ya zama kunu, sai ka ji muline yana juyawa a hannunka. Naɗa igiyar nailan maimakonsa, ka cika tsakanin ɗaurin da gam ɗin Araldite mai jinkirin kamawa. Mai minti biyar ba ya ba ka lokacin daidaitawa. Wurin da gam zai zauna ka goge da alkol, wato sifirit na kemis, tukuna, sannan ka dusashe sheƙinsa da samfefa lamba 400, sheƙin kawai, kada ka shiga naman sandar. A kwana ɗaya ba a taɓa ba.

Maganar neman ƙashin bayan sanda, wato ka lanƙwasa ta kana mirginawa har ta faɗa inda take so, ka jera zobba a cikin lanƙwasar: yi in kana so, ba laifi. Ni dai na fi ganin a leƙa ta kamar mai saitin bindiga, a bi gefen da ya fi miƙewa.

Naɗin kansa ba ya son kayan aiki. Kwali ka yanke masa baki biyu kamar gwafa, sanda ta kwanta a kai. Zare a cikin kofi, ya bi ta tsakiyar littafi mai kauri, littafin ke ba shi tauri. Fara milimita 6 kafin ƙafar zobe, ka danne wutsiyar da zagaye biyar ka yanke, ka haura. Saura zagaye takwas ka kwantar da zarge na wani zare, ka naɗe a kansa, ka zura ƙarshen ciki ka ja ya shige ƙasa. Taurin da ake so shi ne wanda in ka tura zoben da babban yatsa zai ɗan motsa, don da haka za ka saita su layi guda. Kada ka manta bakin mahaɗar gida biyun, ɓangaren mai rami. Naɗa masa santimita 2, in ba haka ba can zai tsage.

Mai fentin mota:
Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma a garin nan wurin shafin ƙarshe aiki ke lalacewa. Efoksin da ake shafa wa naɗi, wato gam mai ruwa biyu da ake haɗawa, dabam yake da Araldite. Ruwa-ruwa ne, yana ratsa zare, yana lanƙwasa tare da sanda. Araldite kauri gare shi, sama yake tsayawa ya bar rami gefen ƙafar zobe, gishiri ya samu ɗaki.

Auna mililita 3 na wannan, 3 na wancan, daidai wa daida. Ƙasa da haka, ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata lissafin, ka wayi gari yana danƙo har abada. Dama a hankali minti uku, kada ka buga kamar ƙwai, kumfa zai shiga. Zuba shi a kan takardar alminiyam ya baje, cikin kofi zafin kansa ke daskarar da shi.

Yanzu yanayinmu. An yi shi ne don ɗaki mai zafin digiri 20 zuwa 25, inda yake ba ka wajen minti 20 kana shafawa. Duk ƙarin digiri goma, lokacin kusan rabewa biyu yake yi. A watan Afrilu da Mayu da muke haura 40, kafin ka kai zobe na huɗu ya zama ƙaro. In bazara ce, yi aikin bayan sallar asuba, zobe uku-uku, kowane da sabon dami. In hunturu ne kuma ƙura ce abokiyar gaba: rufe taga, yayyafa ruwa a ƙasa, kashe fanka, kifa dogon kwali a kan sandar. Sanyin daren Janairu na jinkirta shi, ƙara masa kwana.

Sai juyi, in ba haka ba ya taru a ƙasa kamar hawaye. Ƙaramin injin da ke juya faranti cikin na'urar ɗumama abinci yana yin zagaye biyar ko shida a minti, daidai abin da ake so, masu gyaran lantarki na da su. Galibinsu wutar gida suke ci kai tsaye, a rufe wayoyinsa da kyau. Amma ka zauna kusa, in wuta ta ɗauke ka karɓa da hannu: rabin zagaye kowane minti biyu a awar farko, sannan kowane minti goma har awa uku. Shafi biyu sirara, na biyu washegari, kuma kada ta ga ruwa sai bayan kwana uku.

Mai tambaya:
Allah shi biya ku. Baba, na haƙura da fatar. Saura biyu: sirinjin kemis zai yi wurin awo? In kuma efoksin bai samu ba fa?

Mai fentin mota:
Sirinjin allura an shafa wa baƙar robarsa man silikon, shi ke sa ka ga shafi ya yi ramuka kamar idon kifi. Nemi wanda ba roba a bakinsa, sirinji biyu, kowane ruwa da nasa, ka sa musu alama. In efoksi bai samu ba, yi da verni, wato fentin sheƙi, na katakon waje mai jure rana da ruwa, shafi biyar ko shida sirara, kwana ɗaya tsakani. Ba ya son juyi sosai, amma duk shekara sai ka ƙara masa.

Tsohon masunci:
Kafin ka shafa komai, tun zobba na kan salatif, kai ta tafkin Madarunfa ka jefa dalmar giram 100 sau ashirin. In ka ji igiya na marin sanda tsakanin muline da babban zobe, matsa zoben santimita biyu-biyu har ƙarar ta tafi. Ranar tafiya sa ta cikin bututun roba na famfo mai murfi, kada ta kwanta a bayan gilashin mota, hanyar ta fi kilomita dubu kuma zafin rufaffiyar mota na tausasa gam. Can kuma duk dawowa ka wanke ta da ruwan famfo, ka sa tsohon buroshin haƙori a gindin kowane zobe, ka cire muline ka wanke mazauninsa, ta bushe a inuwa kafin ta koma bututu.