Manuni, mariƙi da gangara: kalmomi uku don ƙaramin jirgi

1/ 'Yan uwa, Hausar kalmomi uku nake nema. Wanda ya taɓa zama gaban Garmin G1000, allon kwamfutar matuƙi, a ƙaramin jirgin sama Cessna 172 ya san su: autopilot, flight director da VNAV.

2/ An kawo "daraktan tashi" don flight director. Ban gamsu ba. Darakta umarni yake bayarwa a bi, wannan kuwa nuni kawai yake yi. Layuka biyu ne masu ruwan hoda, kamar fikafikai, suna fitowa a allon da ke nuna karkatar jirgi. Suka ɗaga, ka ɗaga hanci. Suka karkata hagu, ka bi su, har alamar jirginka ta kwanta daidai a ƙarƙashinsu. Hannunka ne ke tuƙi duk tsawon lokacin. Ni dai "manuni" na zaɓa.

3/ Autopilot shi ne mai kama sitiyari da gaske, da 'yan motocin lantarki da ke jan wayoyin fikafikai da wutsiya. Tun 1914 Lawrence Sperry ya nuna shi a Faris, ya ɗaga hannayensa sama jirgi na tafiya. "Mariƙi" ya dace da shi. Na guji "mai tuƙa kansa" da gangan, don sunan zai sa ɗalibi ya saki jiki.

4/ Abin da ya sa na dage a raba su: a GFC 700, na'urar autopilot da ke aiki da wannan allo, mariƙi bayan manuni yake bi. Ka danna jan maɓallin sakin mariƙi, layukan nan suna nan suna nuni kamar ba abin da ya canja. Wanda kalmomin suka cakuɗe masa a kai sai ya zaci har yanzu ana riƙe masa jirgi, alhali ba mai riƙo. Ya duba saman allo, in babu koren rubutun AP (wato autopilot), tuƙi ya dawo hannunsa.

5/ Saura VNAV, wato vertical navigation, lissafin sauya tsayin jirgi a kan hanya. Kana ƙafa 8,000, kana son ka isa wani wuri a ƙafa 3,000. Kwamfuta za ta shimfiɗa maka hanyar sauka, misali mai digiri 3, ta sa alamar inda za ka soma, kusan mil 16 na teku kafin wurin. Wannan alama "bakin gangara" ce, aikin kuma "bin gangara". Sai ka zaɓi tsayin da ke ƙasa da naka tukuna, in ba haka ba jirgi zai wuce bakin gangara bai sunkuya ba. Rage wuta ma naka ne, mariƙin irin wannan jirgi ba ya taɓa mai.

6/ Inda na tsaya ke nan: a manyan jiragen fasinja VNAV har hawa yake lissafawa, "gangara" kuwa sauka kaɗai ta ɗauka. Malaman harshe da matuƙa, "bin hawa da gangara" bai yi wa baki tsawo ba? Ko akwai kalma ɗaya da ta haɗa biyun?